Fito a Garejin Mai Kunne

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san rabinta ɗinki ne, rabinta iya baki. Mutum zai zo maka da tumbin da ya riga shi shigowa shago, ka zagaya shi da tef, ka ce, "Yallaɓai, awonka na bara ne, ko motsi bai yi ba," sannan ka ƙara yadi a ɓoye. Saboda haka ba na cikin masu cewa dole a faɗi gaskiya ko'ina aka gan ta. Amma rufa-rufar da aka sa ni a garejin surukina ta fi ƙarfin iyawata, har yau in na tuna raina sosuwa yake.

Surukina bakanike ne. Mai Kunne ake ce masa, ba don kunnuwan sun fi na kowa girma ba, ko da yake ba laifi. Dokarsa ɗaya ce tun yana da baƙin gashi: in ka kawo mota, ba ka da bakin magana. Kana cewa, "Maigida, wato tun shekaranjiya…" sai ya ɗaga maka hannu. "Kai ne marar lafiyar? Tayar da ita." Ka tayar, ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido, wani lokaci ya kafa doguwar sukundireba a jikin inji ya manna ƙotar a kunne. Can sai ya miƙe ya nuna wuri da yatsa. A kwance wurin, a tarar da abin da ya faɗa. Da wannan ya yi suna, da shi ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa, ciki har da wadda ta faɗo hannuna, wato Auta.

To kunnen ne ya fara tafiya. Ba rana ɗaya ya tafi ba, sulalewa ya riƙa yi. Siraran sautuka su suka fara ɓace masa: kukan tsuntsu, ƙarar waya, muryar jikoki. Rugugin inji kam yana jin sa, ko dai a kunne ko a tafin hannu. Shi a nasa ganin, mutanen zamani ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma, wayoyin yanzu kuma duk jabu ne. Kowa a gidan ya sani. Kowa a gareji ya sani, har mai kawo ruwa. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma ba tare da an zauna taro ba dangi da abokai suka yanke cewa ba zai sani ba.

A gareji abin har tsari gare shi. Akwai Mai Faci, wanda rumfarsa ke jingine da katangar Baba, wato surukin nawa, yana da injin hura taya mai ƙara kamar ana rushe gini. Da zarar baƙo ya shigo zai yi magana da Baba, sai Mai Faci ya tashi ya ja igiyar injin nan, ko da babu taya ko ɗaya a gabansa. Dole kowa ya ɗaga murya, Baba ya ji, baƙo ya tafi yana tsine wa Mai Faci, bai san don wa aka yi ihun ba. Sannan akwai Mai Waya, abokin Baba na tun fil azal, mai gyaran wutar mota a ɗaya kusurwar. Shi kunnensa garau. In aka tayar da mota sai ya taso kamar mai neman inuwa, ya saurara, ya je ya jingina gwiwar hannunsa kusa da inda ƙarar ke fitowa, yana kallon sama. Baba ya gama lumshe idonsa, ya buɗe, idon ya sauka a kan gwiwar, sai ya nuna wurin. Ban ce da gangan yake bin ta ba. Ina jin idon ne ya saba, kamar yadda ƙafa ke sabawa da hanyar gida. An daɗe a haka, motoci suna warkewa, suna yana nan daram.

Sai tawa motar ta fara fito.

Fito ne siriri, dogo, irin na butar shayi da aka manta a wuta. In ina gudu ba a cika jin sa ba, amma ina tsayawa a danja sai ya taso, masu babur su riƙa waiwaye suna neman ɗan sanda. Ga inji ya rasa natsuwa. Silo, wato ɗan gurnanin da mota ke yi in tana tsaye a kunne, sai ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sitiyari na rawa a hannuna. Wani lokaci ta mutu murus daidai lokacin da aka ba da hannu, na baya su wanke ni tas da hon da zagi. Wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Baƙin mai kuwa ta riƙa shan sa kamar an aiko ta.

Na samu Auta a kicin na ce mata zan kai motar wani gareji can bayan kasuwa, a ɓoye.

"Wane gareji?" Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Mijin 'yar Mai Kunne a garejin wani? Kafin ka rufe bonet labari ya je masa."

"To shi ke nan, zan kai masa, in ce Baba, fito take yi."

"Ka ce masa me?"

"Fito. Ai fiton take yi."

"In ka faɗa, ya kasa kunne bai ji ba fa? A gaban mutane? So kake ka kashe mini uba?"

"Auta, mota ce fa ta lalace…"

"Abban yara, wallahi na ji ka ambaci ƙarar nan a garejin Baba, to ka nemi mai buɗe maka ƙofa."

Ta koma kan albasarta, idonta ya kawo ruwa, ban tsaya tantance ko albasar ce ba. Mutum biyu nake shakka a duniya, kuma ɗayan shi ya haifi ɗayar. Washegari da safe na kama hanyar gareji.

Tun daga bakin ƙofa Mai Waya ya ɗago kai, Mai Faci ya yamutsa fuska, karen mai gadi ya tashi ya canza wurin kwanciya. Aka tayar da injin faci, muka gaisa da Baba da ihu.

"Tela, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba, wato motar ce…"

Ya ɗaga hannu. "Kai ne marar lafiyar?"

Na ja bakina na yi shiru, raina fari ƙal, domin dokarsa ta sauke mini nauyi. Aka kashe injin faci don Baba ya saurara, fito ya cika gareji har haƙorina na tsami. Baba ya sunkuya, fuskarsa a natse, abin da ke ihun yana ƙasan hancinsa. Mai Waya ya taso ya fara zagaye. A nan aka samu cikas. Siririn fito ba shi da gida: ka tsaya dama ka ji shi a hagu, ka koma hagu ka rantse daga ƙasa yake. Mai Waya kuma waya da batir ya sani, cikin inji ba gonarsa ba ce. Gwiwar ta yi yawo, ta yi yawo, ta gaji ta sauka kusa da fanbel, wato bel ɗin da ke juya fanka.

"Bel ya saki," in ji Baba. Ya dafa gefen mota ya ji tana karkarwa. "Rawar nan kuma filogi ne."

Aka canza bel, aka canza filogi, aka tayar. Fito na nan, rawa na nan. Baba ya ɗan ɓata fuska, ya ce in je in hau ta, za ta saki jiki.

Ba ta saki ba. Na dawo aka canza kwayil. Na dawo aka wanke nozul mai fesa wa inji fetur. Na dawo aka sauke tanki aka duba famfon mai, ni ina tsugune a gefe ina kallon motata ƙafa a sama, ɗinkunan mutane na jirana a shago. Mai Faci ya tanadi auduga, yana hango hancin motata daga nesa sai ya cusa a kunnuwa. Masu zaman benci, irin mutanen da kowane gareji ke da su, waɗanda ba su da mota ba su da aiki amma suna da ra'ayi, suka samu abin yi. Wani ya ce ɓera ne ya maƙale a bututu. Aka ce masa wane irin ɓera ne zai yi ta kuka ba ya shan iska. Mai Waya ya ce shi dai yana zargin cajar batir. Wani direban tasi ya ce motar ƙanensa haka ta yi ta yi kafin ta kama da wuta, ya dube ni da tausayi, ya tambaye ni ko yarana na shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wannan muhawara a gaban Baba ake yin ta, da muryar yau da kullum, yana tsaye a tsakiyarmu yana goge hannu da tsumma. Mu muna jin ƙarar ba mu san abin da take nufi ba. Shi da ya san abin da kowace ƙara ke nufi, ita ce ba ta kai masa. Tsakaninmu da shi taku ɗaya ne da kalma ɗaya, kuma manya da gemu muka tsaya muna gadin kalmar kada ta tsallaka.

Shi kuwa motar ta fara cin sa. Mutumin da bai taɓa ganin mota ta dawo masa a kan ciwo ɗaya ba, ga ta surukinsa ta mayar da garejin gidan ubanta. Auta ta ce ya rage cin abinci, in ya koma gida sai ya zauna a tsakar gida yana kallon hannuwansa. Wata rana da yamma, bayan an sake kwance wani abu an mayar a banza, ya ja ni gefe zai yi mini sirri. Sirrin nasa har mai sayar da rake a tsallaken titi ya ji.

"Tela, motar nan taka ba ta magana. Duk motar da na taɓa sa wa hannu tana gaya mini inda ke mata ciwo. Wannan ta yi gum da bakinta."

Yana faɗar haka tana bayansa tana tsala ihu. Tausayi ya kama ni, haushi ya biyo baya. Na wuce wurin Mai Waya.

"Kawu, don girman Allah ku gaya masa."

"Ni?" Ya dafe ƙirji. "Tare muka tashi da mutumin nan. Da wane ido zan dube shi? Kai ne ɗa, kai ya kamata."

"Ni an ɗaure mini baki tun daga gida."

"To ka gani."

Mai Faci ya ce shi maƙwabci ne kawai, iyakarsa taya. Masu benci suka ce su baƙi ne, duk da cewa akwai wanda shatin zamansa ya fito a katakon.

Daga ƙarshe Baba ya yanke hukunci. Ya ce tunda tana shan baƙin mai, tana rawa, kuma an duba duk abin da ke waje, to ciwon a ciki yake. Ringin da ke tare baƙin mai a cikin inji ne ya tafi, za a sauke inji. Wanda bai sani ba, sauke inji shi ne a rataye shi da sarƙa, a zaro shi daga mota, a feɗe shi ƙusa-ƙusa a shimfiɗa a kan buhu. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a bainar jama'a ake yin sa.

Na gaya wa Auta. Ta ce a sauke mana, ai Baba ya san abin da yake yi.

"In aka feɗe aka tarar lafiyarsa ƙalau fa? A gaban mutanen da kike gudu?"

Ta kawar da kai. Ranar da za a yi aikin ta shirya abinci a kula ta ce za ta bi ni, wai Baba bai karya ba.

Muka tarar an rataya sarƙa da ƙugiya a jikin ƙarfen rumfa, an jera farantai na zuba ƙusoshi, benci ya cika har da sababbin fuskoki. Baba ya naɗe hannun riga. Ya ce in tayar da ita ta yi ɗumi, baƙin mai ya fi saurin zuba in ya ji zafi. Na tayar, fito ya tashi, Mai Faci ya ƙara danna audugarsa. Auta, da ba ta taɓa jin sa bonet a buɗe ba, ta runtse ido ta riƙe kular da hannu biyu.

Inji na cikin aiki Baba ya kai hannu zai sassauta murfin da ake zuba baƙin mai. Murfi ya juya amma ya ƙi ɗagowa. Ya ja, ya ƙi, kamar akwai mai riƙe da shi daga ciki. Ya sa hannu biyu ya fizga, murfi ya fito da wani irin "fap", inji ya yi tuntuɓe kamar zai mutu. Fiton ya ɗauke ɗif. Kafaɗun mutanen benci suka sauka a tare.

Baba bai ga wannan ba, idonsa na kan ramin. Ya ɗora tafin hannunsa a bakin, ramin ya zuƙe shi tsam, fito ya dawo. Ya ɓanɓare hannun da ƙyar, ya duba zoben da ya fito masa a fata. Sai na ga fuskar nan da na kwana biyu ban gani ba, ta mutumin da ya ji ƙamshin abin da yake nema.

"Ku matsar da sarƙar nan," ya ce. Ya juya ya yi wa Mai Faci alama da hannu. "Maganin sauron da kake kunnawa a rumfa, kawo mini guntu."

Aka kawo, aka kunna masa. Ya mayar da murfi ya ɗaure, ya riƙe guntun maganin sauron da yatsu biyu, ya fara bin jikin inji da hayaƙin a hankali. Ya bi wannan tiyo, hayaƙi ya miƙe sama abinsa. Ya bi wancan, ya bi mahaɗa, ya bi inda roba ta haɗu da ƙarfe, hayaƙi bai kula kowa ba. Har ya zo kan wani baƙin murfin roba zagayayye a saman inji, bai fi murfin kofi ba, wanda duk zaryar da muka yi ba wanda ya taɓa ce masa sannu. A gefensa akwai wata 'yar huda. Hayaƙin ya karkata, ya tsuke, ya shige hudar kamar zare a kafar allura.

Baba ya ɗora babban yatsa ya toshe ta. Fito ya mutu. Inji ya lafa, allurar silo da ke gaban sitiyari ta daina hawa da sauka. Shi ɗaya hannun nasa na kan gefen mota, ta nan ya ji rawar ta tafi.

"Ga ɓarawon," ya ce. "Kashe ta, Tela, ka zo ka gani."

Duk aka yi dafifi. Baba ya samu jama'a, murya ta dawo.

"Inji ma numfashi yake yi. Can ƙasa inda baƙin mai ke kwance, tururi da hayaƙi suna taruwa. Wannan bawul shi ke ɗibarsu kaɗan-kaɗan ya mayar cikin inji a ƙone su. Akwai roba a cikinsa mai buɗewa da rufewa. In ta yage, sai inji ya yi ta zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Iska ta yi wa fetur yawa, ga rawa, ga mutuwa a danja. Kuma zuƙar ba ta tsayawa kan iska, har baƙin man take haɗawa. Ringin bawan Allah ba ruwansa."

Ya sa bakin sukundireba ya ɓalle 'yan haƙoran da ke riƙe da murfin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga, ya tare wani ɗan sifirin da ya so tsalle. Robar da ke ƙasa ta bushe ƙamas kamar tsohon takalmi, ga yaga a gefenta ba ta fi tsawon farce ba. Ya ɗaga ta sama rana ta ratso ta yagar, ya zagaya da ita kowa ya gani, har direban tasin nan da ya riga ya ƙona ni da iyalina. Mai Waya ya karɓa ya ruga wurin mai sayar da kayan mota, ya dawo da sabo a leda da tsohon a aljihu. Baba ya goge mazaunin da tsumma mai ɗan fetur, ya zare tiyon da ke haɗe da shi ya hura ya tabbatar ba toshewa, ya shimfiɗa sabuwar roba, ya ɗora sifirin, ya danna murfi haƙoran suka kama ƙas-ƙas.

"Tayar."

Na murɗa makulli. Inji ya tashi ya kwanta, lumui, gurnani mai daɗi, ba rawa ba tari. Fito kuwa ko alamarsa. Ban taɓa sanin shiru na da daɗi haka ba.

Benci ya ɗauki tafi. Baba ya jefa tsumma a kafaɗa, ya dubi sarƙar da ke lilo, ya yi dariya. "Wa ya ce Mai Kunne ya tsufa?" Auta na dariya tana share ido da gefen mayafi, ta harare ni irin hararar "ka gani ko". Ni ma na yarda mun sha. Mota ta warke, suna ya tsira, ba wanda ya faɗi kalmar.

Muka manta da Mai Faci. Mutumin da ya cusa auduga a kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. Ya ɗaga hannuwa sama, ya kwarara ta yadda ko injinsa ba zai danne ta ba:

"Alhamdu lillahi! Mun huta da fiton nan! Wallahi har cikin barci nake jin sa!"

Tafi ya tsaya. Baba ya juyo a hankali.

"Wane fito?"

Mai Faci ya zare audugar ya dube ta kamar ita ta yi maganar. Ƙafarsa ta ja shi wajen igiyar injin faci.

"Bar shi," in ji Baba.

Ya dubi Mai Waya, Mai Waya ya samu abin kallo a ƙasa. Ya dubi benci, kowa ya zama baƙo. Idonsa ya zo kaina ya tsaya.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Fito take yi?"

Na saci kallon Auta. Tana girgiza mini kai, hawaye na zuba. Amma tambaya ce aka yi mini ido cikin ido, kuma babu yadin da zan ƙara a ɓoye. Na ce eh, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ka ba."

"Eh, Baba!"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara kawo ta!"

Da ihu na faɗa, dole, a gaban kowa. Ban taɓa jin kunyar muryata irin ta ranar ba.

Baba ya ɗauke idonsa daga kaina. Ya miƙa wa Mai Waya hannu. "Ina tsohon?" Mai Waya ya zaro shi daga aljihu ya ba shi. Baba ya ce in kashe mota, ya ɓalle sabon da ya ɗaura yanzun nan, ya ajiye shi a kan tsumma, ya mayar da yagaggiyar robar mazauninta, ya danna murfi.

"Tayar."

"Baba, don Allah…" in ji Auta.

"Tayar, na ce."

Na tayar. Fito ya dawo, har ya fi na da kaifi. Baba ya sunkuya ya kai kunnen dama dab da hudar, har yana taɓa robar. Ya daɗe. Ya juya ya kai na hagu. Ya ɗauko doguwar sukundirebarsa ya kafa, ya manna ƙotar, ya lumshe ido yadda ya saba. Mu kuwa muna tsaye fuska a yamutse, ba mai ikon toshe kunne. Can ya miƙe.

"Yanzu tana yi?"

"Tana yi, Baba!"

"Da ƙarfi?"

"Har titi ana ji!"

Ya gyaɗa kai, kamar dai yadda yake yi in ya gano ciwon motar wani. Ya sa na kashe, ya cire tsohon, ya mayar da sabon, bai yi gaggawa ba, bai tsallake komai ba. Ya goge inda yatsunsa suka ɓata, ya sauke bonet da kansa. Sannan ya juyo gare mu.

"Da ɗayanku ya ce mini fito, daga kan kujera zan gaya muku bawul ɗin numfashi ne. Ko bonet ba sai an buɗe ba."

Na so in tuna masa wanda ke ɗaga wa mutane hannu in sun buɗe baki, amma na haɗiye. Ba ranar ba ce.

"Maigida," in ji Mai Waya, yana ɗaga murya, "gudun ɓacin ranka muka yi."

"Ka tsaya kana kallo na rataya sarƙa zan feɗe lafiyayyen inji a gaban jama'a, don gudun ɓacin raina. Kunne ne ya tafi. Ku kuka yanke cewa har da kan."

Ya juya wajen 'yarsa, muryarsa ta sauka.

"Auta. Har da ke?"

Ta gyaɗa kai tana kuka. Ya dube ta, ya dubi kular da ke hannunta, ya dubi motar.

"Motar nan ta fi ku imani," ya ce. "Ita kaɗai ce ta yi ta ihu tana gaya mini."

Ya zare makulli ya danƙa mini a hannu, ya juya ya nufi ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Auta ta bi shi da ido.

"Baba," ta ce, a hankali, yadda ta saba kiransa tun tana ƙarama.

Ya ci gaba da tafiya. Ta dire kular a ƙasa, ta cika ƙirji, ta ƙwala irin kiran da ba a yi wa uba, har masu wucewa a titi suka tsaya.

"Baba!"

Wannan kam ya ji shi, domin na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya shige ɗakin ya ja ƙofa.